Idan Bango Ya Faɗi, Idan Magini Ya Faɗo

A bakin Tafkin Kainji damina ce alƙalin magina. Duk abin da aka ɓoye a cikin bango da rani, ita ke tono shi. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da farin ruwa ya cika kogin Kwara ya tarar da ƙasa ta riga ta sha ta ƙoshi, daga Shanga har Yelwa, daga Yelwa har Wara, ba sai mutum ya yi tambaya ba kafin ya san ginin da aka yi da gaskiya da wanda aka yi da ha'inci.

Wata safiya bayan ruwan dare na tsaya a wani ƙauye da ke kan hanyar Wara. Katangar bulo ce ta wani magidanci, wadda ko shekara biyu ba ta cika ba, ta kwanta gaba ɗaya ta danne masa akurkin kaji. Taku kaɗan daga wurin, rumbun ƙasa da mahaifinsa ya bar masa yana zaune daram a kan duwatsunsa, ko gezau. Mutumin ya sunkuya ya ɗauki ɓarin bulo, ya murza da yatsu, ya zube kamar garin kwaki. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu wa zan kai wa kukana?" Birkilan da ya yi aikin ya ce bulon ne ba shi da siminti. Mai buga bulo ya ce harsashin ne bai yi zurfi ba. Kowa ya zame, aka bar mai gida da tarkace.

Ba a yi wata guda ba, a cikin garin Yelwa, wani matashin birkila ya zamo daga katakon da suke takawa wajen zuba linta, ya karye a ƙafa. Kafin la'asar abokan sana'arsa sun haɗa kuɗi an kai shi wurin ɗori, shugabansu kuma ya je ya zauna da mai ginin har ya yarda zai ɗauki wani kaso na ɗawainiyar. Iyalinsa ba su rasa cefane ba har ya miƙe.

Na daɗe ina juya waɗannan faɗuwa biyu a raina. Da magini ya faɗo, an sami hannayen da suka tare shi. Da bango ya faɗi, ba a sami mai amsa kira ba. A zamanin kakanninmu kuwa lamarin a juye yake: bango na da mai tsaya masa, magini kuma sai abin da Allah ya yi. Hanyoyi biyu ke nan da magina suka bi suka haɗa kai a ƙasar Hausa. Akwai ta da, wato sarautar sana'a wadda Sarkin Magina ke riƙe da ita, akwai kuma ta yau, wato ƙungiya mai shugaba da sakatare da katin shaida. Ya kamata a ɗora su a sikeli, domin amincin ɗakin da yaranmu ke kwana a ciki ya dogara da abin da muka ɗauka daga kowacce.

Mu fara da ta da. Wanda ya bar Yelwa ya kama hanyar Kontagora, ba zai yi nisa ba zai isa Birnin Yauri, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta yau. A 1830 wasu Turawan Ingila 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, sun sauka a wannan birni suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Bussa a 1806. Abin da ya ɗauki hankalinsu shi ne girman garin da doguwar ganuwarsa ta ƙasa mai ƙofofi 8. Ganuwa irin wannan ba ta tashi da hannun mutum ɗaya, ba ta kuma tsayuwa sai da gyara duk shekara, domin kowace damina sai ta yagi rabonta. Da yaƙe-yaƙe suka tayar da fada daga birnin, har ta zo ta zauna a Yelwa a 1888, masu gyaran suka watse, ganuwa ta soma komawa ƙasar da aka ɗebo ta. Can arewa kuma ga Surame, birnin Muhammadu Kanta na Kabi a ƙarni na 16, inda aka jera dutse aka ɗaure shi da ƙasa. An tashi daga birnin tun farkon ƙarni na 18, amma har gobe sassan katangunsa na tsaye a cikin daji. Ke nan aikin dutse ba baƙo ba ne a tarihin Kabi.

A ƙauyukan Gungawa da Kambari da Shangawa, kowane magidanci shi ne maginin kansa, dangi da maƙwabta su yi masa gayya a tayar da ɗaki a ɗora jinka. A manyan birane kuwa, irin su Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, gini sana'a ce mai sarauta, kamar yadda ake da Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska. Sarki ke naɗa Sarkin Magina, galibi daga gidan da ya gaji sana'ar. Idan kaka ta yi, ƙasa ta bushe, shi zai tara magina a gyara fada da masallacin Juma'a da ƙofofin gari. Shi ke raba manyan ayyuka, shi ya san wanda hannunsa ya isa ya ɗaure bakan gizo da wanda iyakarsa katanga. Idan rigima ta tashi tsakanin magini da mai gida, a zaurensa ake kashe ta. Idan soro ya rufta, shi za a fara kira, shi kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Abin da wannan tsari ya iya haifarwa yana nan a Zariya. A shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ake kira Muhammadu Durugu, ya gina masallacin Juma'a na birnin da ƙasa da azara kawai. Azarar giginya ba ta jin gara, amma ba ta iya tsallaka fili mai faɗi ita kaɗai. Idan ta doshi mita biyu sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Dabarar magina ita ce su riƙa miƙo azara daga cikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaure su ana lulluɓewa da ƙasa, har baka biyu su haɗu a sama. Da haka aka rufe manyan ɗakunan da har yau masana gine-gine ke zuwa daga ƙasashen duniya su ɗaga kai suna kallo. Sunan Babban Gwani ya zama sunan unguwa a Zariya, sana'ar kuma ta ci gaba a hannun zuriyarsa.

Ba a kaiwa wannan matsayi da gaggawa. Yaro zai fara da ɗebo ruwa. Daga nan ya shiga ramin kwaɓi yana tattaka ƙasa da ciyawa da ƙafafunsa, a bar ta ta kwana kwanaki tana ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakewa. Sai ya koyi dunƙula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, ya jera a rana su bushe. Sai ya koyi jifa: magini na zaune a kan bango ya raba ƙafa, yaro na ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, shi yana cafewa yana dasawa. Bango kan fara da kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa, kuma ba a ɗora sabon hawa sai na ƙasa ya sha iska. Bayan shekaru a ba shi yaɓe, ya san makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ya san laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara don kare rufi daga ruwa. Azara da bakan gizo su ne ƙarshe. Jarrabawarsa ita ce idon ubangidansa, takardar shaidarsa kuwa ginin da ya yi ne, wanda kowa a gari ya san mai shi. Maginin da bangonsa ya faɗi, sunan gidansu ne ya faɗi, kuma a garin zai ci gaba da zama, a masallacin unguwar zai ci gaba da salla.

Amma kada son abin da ya wuce ya rufe mana ido. Wannan tsari ƙofarsa ƙunci gare ta. Wanda ba ɗan gado ba, ko da Allah ya ba shi hannu, da wuya ya kai ga manyan ayyuka. Aikin fada da na ganuwa ba aikin jinga ba ne, umarni ne, kuma bayi da talakawa ne suka ɗauki mafi nauyin ƙasar a kansu. Ilimin kuma a ɓoye yake. Uba kan riƙe wata dabara har sai ya ga ƙarfinsa ya ƙare, wani lokaci ajali ya riga shi, a binne shi da ita. Maginin da ya faɗo daga soro ya nakasa, ba shi da asusun da zai jingina da shi sai tausayin dangi. Tsarin ya kula da mutuncin aiki fiye da yadda ya kula da jikin mai aikin.

A ƙasar Yauri ana iya nuna shekarun da igiyar ta tsinke. Tun zamanin Turawa siminti da kwano suka fara shigowa ta hannun ma'aikatar ayyuka da En'e, kalmar birkila ma daga bakinsu muka aro ta. A 1967 kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ya fara fitar da kaya. A daidai wannan lokaci, daga 1964 zuwa 1968, ana gina madatsar ruwa ta Kainji. Da aka toshe kogi a 1968, zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur, ruwa ya haɗiye tsibirai da gonaki da ƙauyuka sama da 200, aka tayar da mutane kimanin 44,000, da yawansu Gungawa da Kambari da sauran al'ummomin bakin kogi. Gwamnati ta gina musu sababbin matsugunai. Baturen da ya zana gidajen, Robin Atkinson, ya yi ƙoƙarin bin tsarin zaman mutanen, amma kayan aikin baƙi ne: bangon bulo da rufin asbestas mai lanƙwasa. A karo na farko dubban iyalai suka kwana a ɗakin da ba su san hannun da ya gina shi ba, ba su kuma iya gyara shi da ƙasar bayan gida ba. Da yawa suka koma suka tayar da ɗakunan ƙasa da rumbuna a gefen gidajen gwamnati, domin rayuwa ba ta shiga cikin zanen da aka yi mata daga nesa. Sai dai matasan da suka yi leburanci a waɗannan ayyuka sun fito da sabuwar sana'a a hannu: cokalin gini, igiya, kwanon sarki, da lissafin buhu nawa yashi nawa. Ba su gaje ta daga iyayensu ba, kuma babu wani mai sarauta da ya yaye su.

Daga irin waɗannan ne ƙungiyoyin birkiloli na yau suka tsiro, kuma kusan ko'ina a Arewa haihuwarsu iri ɗaya ce. Daga majalisa ake farawa, wurin da ake taruwa da sassafe a bakin titi, kowa da kayan aikinsa a buhu, ana jiran mai neman ma'aikata. Wata rana ɗan kwangila ya cinye wa mutum biyar kuɗin mako, ko wani baƙo ya zo ya karya farashi. Sai a ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A fara da adashi. A zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, a sayi littafi, a sa kuɗin mako, a buga kati mai hoto. In tafiya ta miƙa a yi rajista da hukuma, a kama ɗan shago a kafa allo. Daga nan ƙungiya ta fara yin abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Ta tsayar da kuɗin yini da kuɗin jinga. Ta kafa dokar cewa ɗan ƙungiya ba zai karɓi aikin da ɗan'uwansa ya fara ba sai an biya na farko haƙƙinsa. Ta je suna, ta je jana'iza, ta tsaya wa wanda aka kai ofishin 'yan sanda. Ɗan masunci daga tsibiri da ɗan manomi daga Shanga da baƙon da ya zo cin rani duk suna iya shiga, su zaɓi shugaba, su kuma sauke shi in ya ci amana. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma duk wanda ya taɓa yini yana ɗaukar bulo a ranar Afrilu ya san darajarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, katin ƙungiya yana shaida cewa mutum ya biya kuɗin shiga, ba ya shaida cewa ya iya gini. Yaro ya yi wata shida yana kwaɓa siminti, ya sayi cokali, gobe ya zama oga. Buhun siminti mai kilo 50 da ya kamata ya ba da bulo talatin, sai a matsa masa ya haifi hamsin. Bulon da ke buƙatar a yi ta ba shi ruwa har mako guda, sai a ɗora shi a bango kwana biyu da bugawa. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28, amma mai gida na gaggawa, magini na son ya kama wani aikin, sai a cire katako tun bai nuna ba. Ba duka laifin magini ba ne, sau da yawa mai gida ne ke ƙin sayen abin da aikin ke buƙata, ya manta araha ba ta ado. Amma maginin da ba shi da wata doka a bayansa ba ya iya cewa a'a, domin in ya ƙi, wani zai karɓa kafin azahar.

A sama kuwa akwai hukumomi. Akwai Cibiyar Magina ta Najeriya, NIOB, akwai majalisar rajistar magina, CORBON, wadda dokar soja ta 1989 ta kafa, akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006. Waɗannan galibi na masu digiri da difloma ne. Hannun da ke jera bulo a Wara ko a Dugu bai taɓa gaisawa da su ba. Ma'aikatar Ƙwadago na da jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, amma mai neman a gina masa ɗaki biyu da falo ba ya tambayar wannan takarda. Tsakanin injiniya da lebura an bar fili fetal, kuma a wannan fili ne yawancin gidajenmu ke tashi. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu. Irin wannan ne kawai ke shiga labarai. Katangar da ta danne tsohuwa a ƙauye, ba mai lissafa ta.

In aka jera su kafaɗa da kafaɗa, bambancin a fili yake. Sarkin Magina daga sama ikonsa ya sauko, don haka fuskarsa na kallon fada da mai gini. Shugaban ƙungiya daga ƙasa aka ɗaga shi, don haka fuskarsa na kallon waɗanda suka zaɓe shi, kuma yana jin nauyin hukunta mai ƙuri'a. A tsarin da, shiga ke da wuya, amma wanda ya shiga an san abin da ya iya. A tsarin yau shiga ba wuya, sai dai ba a san gwani ba sai an gwada shi da dukiyar wani. Na da ya tara ilimi ya kulle shi a gida ɗaya. Na yau ya buɗe ƙofa ga kowa amma bai ajiye malami a ɗakin ba. Horon na da kunya ce da zubewar suna, abin da ke aiki a garin da kowa ya san kowa. Horon na yau tara ce ta rashin zuwa taro, ba ta karkataccen bango ba. In ana maganar haƙƙin ɗan Adam da adalci tsakanin ma'aikata, ƙungiya ta yi wa sarauta nisa. In ana maganar amanar aiki, har yanzu sarauta ce a gaba.

Ba mu kaɗai muka taɓa tsayawa a wannan mararraba ba. A birnin Landan, a 1356, rikici tsakanin masu sassaƙa dutse da masu jera shi ya kai su gaban magajin gari, aka rubuta musu ƙa'idoji. Ɗaya daga ciki ta ce duk wanda zai karɓi babban aiki sai ya zo da dattawan sana'a huɗu ko shida su tsaya masa, in ya gaza su za su kammala aikin. Almajiri kuma ba ya kasa shekara bakwai a hannun ubangida. Ƙungiyar waɗannan magina ta ci gaba har Sarki Charles na Biyu ya ba ta takardar izini a 1677, kuma tana nan har yau. Shekara 500 cif bayan waccan doka, ranar 21 ga Afrilu 1856, maginan dutse a birnin Melbourne na Ostireliya suka ajiye guduma suka yi tattaki zuwa majalisa, suka samu a mayar da aikin yini awa takwas. Na farko sun tsaya wa bango, na biyu sun tsaya wa magini, kuma sana'ar ba ta zauna da gindinta ba sai da ta haɗa biyun. A 1968 kuma, shekarar da ruwan Kainji ya taso, wasu mutane a yankin Galloway na Sikotland suka kafa ƙungiyar masu jera katangar dutse ba tare da siminti ba, don sun ga sana'ar na neman mutuwa. Abin da ya raya ta ya kuma yaɗa rassanta a faɗin Birtaniya shi ne jarrabawa: a ba ka wani yanki na katanga ka rushe, ka sake tayar da shi cikin ƙayyadadden lokaci a gaban gwanaye, kana hawa mataki-mataki har ka kai matsayin babban gwani.

Kusa da gida ma akwai abin koyi. A Djenne ta ƙasar Mali, ƙungiyar magina ta gargajiya ce ta sake gina babban masallacin garin a 1907, kuma har yau ita ke jagorantar yaɓensa na shekara-shekara, gari duka ya fito. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin ƙasa a 1962, aka yi ta faɗaɗa shi, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A kan duwatsun Sukur a Adamawa, jeren dutse na katangu da hanyoyi da gonaki masu hawa-hawa na cikin abin da ya sa UNESCO ta sa wurin a jerin kayan tarihin duniya a 1999. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya jira siminti kafin ya yi abin a zo a gani.

Me ya sa nake nanata dutse? Saboda a bakin tafki daga gindi bango ke mutuwa. Ruwan Kainji na hawa yana sauka kusan mita 10 tsakanin cikarsa da janyewarsa. Bayan farin ruwa na damina ga baƙin ruwa da ke isowa da sanyin hunturu daga can saman kogi. Danshi na hawa bango daga ƙasa, ya ci tubali, ya ci bulo mai ƙarancin siminti. Rumbun nan da na gani a tsaye, abin da ya cece shi duwatsun da ke ƙarƙashinsa ne, waɗanda suka raba shi da laima da gara. Ƙasarmu kuwa, daga Ngaski har zuwa wajen Zuru, a kan dutse take zaune. Amma jera dutse ilimi ne. Sai an haƙa an tarar da ƙasa mai tauri. Manyan duwatsu a ƙasa, tsawonsu ya shige cikin bango, ba ya bi fuskarsa ba. Dutse ɗaya ya hau kan biyu, kada gaɓa ta hau kan gaɓa. A cike cikin da ƙanana har ba inda ke motsi, a riƙa sa dogon dutse yana ɗaure fuska biyu. In katangar tare ƙasa ce a bakin ruwa ko gefen kwalbati, a jingina ta baya kaɗan, a bar mata ƙananan kafofi don ruwan da ya taru a bayanta ya sami mafita, in ba haka ba shi zai ture ta. Wani dattijon magini da na gani yana duba aikin yaronsa bai yi dogon bayani ba. Ya hau kan jeren ya taka dutse ɗaya, ya ji ya motsa, ya ce, "Ɗana, sauke shi. Dutsen da ya yi rawa a ƙarƙashin ƙafata, a ƙarƙashin ɗaki ma zai yi." Yaron ya ce, "To, Baba," ya sunkuya ya fara saukewa. Wannan "sauke shi" ita ce kalmar da ƙungiyoyinmu suka rasa mai faɗinta.

Haɗa tsohon iko da sabon tsari ba mafarki ba ne a wannan yanki, domin masunta sun riga sun gwada. A shekarun 1990, da kifi ya fara ja baya a tafkin, shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus kan kamun kifi a Kainji bai tsaya ga jami'an gwamnati kaɗai ba. Ya jawo sarakuna da sarakunan ruwa cikin maganar lasisi da hana tarun da ke kwashe 'ya'yan kifi, domin an gane cewa masunci ya fi jin maganar wanda ya sani. Abin da aka yi wa taru ana iya yi wa cokalin gini.

Ga yadda nake ganin hanyar. Ƙungiyoyin magina na Yauri da Ngaski da Shanga su riƙe duk abin da suka samu: zaɓe, asusu, buɗaɗɗiyar ƙofa, tsayawa juna. A kan wannan su ɗora majalisar dattawan sana'a, waɗanda ba a zaɓarsu da ƙuri'a sai da shaidar gine-ginensu da suka ga damina ashirin suna tsaye, masarauta kuma ta sa musu albarka don maganarsu ta yi nauyi. Kati ya zama hawa-hawa, na almajiri daban, na magini daban, na gwani daban, kuma kada a hau sai an yi gwaji a fili, an tayar da kusurwa, an jera harsashin dutse, dattawa sun taka sun ji. Duk ginin da ɗan ƙungiya ya karɓa a rubuta shi a littafi da sunansa. In ya faɗi kafin lokacin da aka yi alkawari, kuma bincike ya nuna laifin hannu ne, ƙungiya ta tayar da shi, sannan ta ji da ɗanta. In mai gida ne ya ƙi sayen kayan da suka dace, magini ya ajiye aikin, kuma kada wani ɗan ƙungiya ya ɗauka. A nemo tsofaffin da suka san makuba da azara da jeren dutse tun suna da rai, a zaunar da matasa a gabansu, a ɗauki aikin hannunsu a waya a ajiye. Ƙananan hukumomi da hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, su sa sharaɗin cewa aikin magudanar ruwa da kare gaɓa sai da masu wannan kati. Ranar da kati ya fara kawo aiki, ba sai an roƙi kowa ya zo gwaji ba.

Za a ce wannan nauyi ne a kan talakawan da ke neman na tuwo. Gaskiya ne, nauyi ne. Amma shi ne kuma abin da zai ɗaga farashinsu, domin mutum ya fi sakin kuɗi ga wanda ya san akwai masu tsaya masa. Matashin nan na Yelwa ya warke ya koma kan katako, saboda 'yan'uwansa ba su bar shi a ƙasa ba. Magidancin nan na hanyar Wara ya sake tara kuɗi, zai sake kiran birkila bayan girbi. Fatana shi ne, in ya tambayi wanda zai yi masa aikin, "Wa ya tsaya maka?", a sami sunayen dattawa da za a lissafa masa, da littafin da za a rubuta katangarsa a ciki, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa in damina ta yanke hukunci.